Amsa ga Yarona kan Barandar da Ke Bisa Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa

Ka tambaye ni, yaro, yadda za ka hana daɓen barandar gidan da ka samu aikinsa a unguwar Magodo ta Legas yin yoyo, tun da ɗakin da ke ƙarƙashinta an riga an yi masa filasta da silin, kuma kana son sanin ko garin hana ruwa da ake zubawa cikin kwaɓin siminti zai wadatar. Ba zai wadatar ba, kuma da ka buɗe idonka a shekaru 4 da ka yi kana riƙe mini tukunyar gas, maimakon latse-latsen waya irin na samarin yanzu, da ba ka kawo mini wannan tambaya ba. Barandar da ke da ɗaki a ƙarƙashinta rufi ce ko da ana tafiya a kanta, don haka aikin rufi za a yi mata.

Ba zan ɓata bakina kan share kankare da shafa ruwan kwalta na farko da gasa shimfiɗar kwalta mai hana ruwa da wuta ba, domin wanda bai iya waɗannan ba gara ya koma ɗaukar bulo. Abin da nake so ka riƙe shi ne gangara tana ƙarƙashin shimfiɗar kwalta, ba a kan tayil ba: santimita 2 a kowace mita, daga jikin gida zuwa indararo. Ruwa yana ratsa tsakanin tayil ko yaya aka cike shi, kuma idan ya sauka bai tarar da hanya ba, a nan zai kwana.

Tambayarka ta fama mini wani tsohon miki. A farkon 2017 na yi wa wani attajiri irin wannan aiki a Lekki, inda ya mayar da ɗakin ƙasa wurin kallon finafinai, da kujerun fata da katako a bango. Na shimfiɗa masa kwalta mai kaurin milimita 4 har ninki biyu, kowane gefe ya hau ɗan'uwansa da santimita 10. A kusurwar da daɓe ya haɗu da bango na cika ta da siminti ta zama jirge, saboda kwalta takan tsage idan aka lanƙwasa ta a kaifin kusurwa, sannan na haura da ita bango santimita 15 sama da inda tayil zai tsaya. Na tsaga bangon da injin yanka, na cusa bakin alminiyum a tsagar, ya sauko ya lulluɓe kan kwaltar, na toshe da danƙo. Alminiyum na zaɓa domin iskar gishirin bakin teku ba ta barin farantin ƙarfe ya yi tsawon rai. A dokin ƙofa ma sai da muka yi sa-in-sa da attajirin, shi yana son falo da baranda su zama daɓe ɗaya don ado, ni kuwa na kafe sai baranda ta sauka ƙasa kuma kwalta ta shiga ƙarƙashin firam ɗin ƙofa.

Na toshe indararo na tara ruwa har awa 48 a gabansa, silin ya kwana a bushe, na rufe kwaltar da siminti mai kaurin santimita 5 don kare ta, na tafi Zariya bikin ƙanwata bisa alkawarin zai cika mini sulusin kuɗina da ya rage idan na dawo. Ashe bayan tafiyata ya kirawo wani yaro mai walda, irin waɗanda suka yi wata shida a shago suka ce sun gama koyo, ya kafa masa ƙarafunan jingina a bakin barandar. Yaron nan ya ɗora injin huji a kan tayil, ya ratsa simintin kariya, ya ratsa kwaltata, ya ɗaure kowane ginshiƙi da noti huɗu.

Da ruwan nan na watan Yuli ya sauka, wanda ya mayar da titunan Lekki da Victoria Island kogi, sai silin ya jiƙe ya rufto kan kujerun attajirin. Ya kira ni yana zagi, wai na cuce shi. Na ɗauko tef na auna masa tabon ruwan da ke jikin kankare daga ƙasa, kowane tabo ya yi daidai da gindin ginshiƙi ɗaya, tazara ɗaya, layi ɗaya. Ya gani da idonsa, amma ya ce shi bai san wannan ba, shi dai ya biya mai hana ruwa kuma ruwa ya shigo. Har yau kuɗina suna hannunsa, ga sunana da ya ɓata a wajen maƙwabta biyu da suka riga suka yi mini maganar aiki. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Saboda haka, kafin ka kunna wuta, ka sa maigidan ya kawo mai walda da mai wayar lantarki su gama duk hujin da za su yi. Ƙarafunan jingina a ɗaure su a gefen kankare ta waje, in kuwa dole sai a sama, a dasa su tun farko ka naɗe gindin kowanne da kwalta. Ka tsaga ɗan rami a ƙarƙashin leɓen barandar domin ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi ya koma bango. Ranar gwajin ruwa kuma ka sa ya sa hannu a takarda cewa silin a bushe yake, ka karɓi cikon kuɗinka a wurin, wayar nan taka ta yi amfani sau ɗaya ka ɗauki hoton komai kafin siminti ya rufe shi.