Amsa ga ƙaninmu mai zanen kofunan kiristal

Salamu alaikum. Ƙanina, tun jiya da daddare na ga tambayarka, kuma wallahi sai na ji kamar labarina kake bayarwa. Ka ce shekara biyu kana zana musu kofuna a wata masana'antar kiristal a Poland, kaya na fita kasuwa, sunanka ko a jikin kwali bai taɓa fitowa ba, kana so ka san ko ka ajiye aikin ka koma gida ka buɗe naka.

Ni a arewacin ƙasar Cek abin ya same ni, wajen garin Nový Bor, a yankin da ake kira Bohemiya, a wani ɗan kamfani da ba mu kai mu ashirin ba. Shekarar farko ko fensir ba a bar ni na riƙe ba. Gaban dutsen yanka aka zaunar da ni, wato dutse mai juyawa da ake yanka zane a jikin kofi da shi, ruwan sanyi na ɗiga a kan dutsen, kofi a hannu biyu, ina leƙen layin ta cikin kofin saboda yankan ta waje yake. Da hunturu yatsu mutuwa suke yi. Na tsani shekarar nan, amma ita ta nuna min cewa layin da ka ja a takarda cikin daƙiƙa ɗaya, idan kaurin gilashin bai kai ba, mai yanka huda kofin zai yi. Idan ba ka taɓa zama a kan dutse ba, ka roƙa su zaunar da kai ko na wata uku ne.

A shekara ta uku na zana kofin shayi da aska takwas, irin aikin da ke gaban babbar rigar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Wata uku ina fama. Mazubin da ke ba gilashin siffarsa na katako ne da ake jiƙawa a ruwa, sau huɗu ana sake fafe shi. Na farkon duk tsagewa suka yi a wajen hucewa, don gindin ya yi kauri, baki kuma siriri. Da muka samu wanda ya tsaya, na ɗaga shi a taga, hasken ya bi askakin nan ɗaya bayan ɗaya, na ji ƙwalla.

Maigidan ya kwashi samfuri ya tafi kasuwar baje koli ta Frankfurt a watan Fabrairu. Ya dawo yana fara'a, Larabawa sun yi oda. Da kundin tallan ya iso na buɗe, ga kofina, a ƙasa ga sunan ɗansa. Yaron da ko zafin tanderu ba ya iya tsayawa kusa da shi, wanda ya taɓa tambayata ko zanen haƙoran kada ne. Na shiga ofis hannuna na rawa. Na tarar da mutumin yana shan gahawa a cikin kofin nan nawa, bai ko ce in zauna ba. Ya ce takardarsa ce, gilashinsa ne, albashina kuma bai taɓa makara ba, sannan sunan ɗan Afirka ba zai sayar da kiristal ɗin Bohemiya ba. Wannan ta ƙarshen ce har yau take cina. Na yafe kuɗin, amma ita na kasa. Ranar a tashar bas na zauna har bas biyu suka wuce ni.

Na je wajen lauya, kuɗina ya tafi a banza. A dokar Tarayyar Turai, zanen da ma'aikaci ya yi a bakin aikinsa na maigida ne, sai fa in kwantiragi ya ce ba haka ba. Poland ma a ciki take. Saboda haka ka ɗauko takardar kwantiraginka yau ka karanta. Abin da ka zana a ɗakinka, da kayanka, a lokacinka, kada ka kai shi wurin aiki ko don a yaba maka. Zanen da ba a yi wa rajista ba shekara 3 kawai yake da kariya daga ranar da aka fito da shi, mai rajista a ofishin Tarayyar da ke garin Alicante na ƙasar Spain kuwa ana sabunta shi duk shekara 5 har zuwa 25.

Kuma ka san wannan sana'a haka take cinye sunan mutane. Miroslav Havel ɗan Cek ne, ya je Ireland a 1947, shi ya zana wa kamfanin kiristal na Waterford samfurin kofunan da ake kira Lismore a 1952, wanda har yau ake sayarwa. Tambayi masu shan ruwa da shi ko sun san sunansa. Shi dai ya yi sa'a tarihi ya riƙe shi.

Af, lafiyarka fa. In kiristal mai dalma kuke yi, sinadarin dalmar da ke cikinsa kashi 24 cikin ɗari ne aƙalla, kada ka ci abinci a wurin yanka, ka wanke hannu sosai. Ɗakin da ake wanke kaya da asid kuwa, in ba aikinka ba ne kada ka leƙa.

Maganar komawa gida, ni ban ba ka shawarar tanderu ba. Zafin narka gilashi ya kai digiri 1,400, kuma ba a kashe shi dare da rana. Da wace wutar, da wane gas? Masagan Bida da ke narka kwalabe suna yin duwatsun wuya da awarwaro aikinsu daban ne. Abin da ni na yi bayan na bar wurin, tsohon injin yanka na saya wajen wani dattijo da ya yi ritaya, ina sayen kofuna marasa zane ina yankawa, ina sa sunana a gindi da kaina. Wannan ko a Kano za ka iya da ƙaramin janareta. Amma kada ka ajiye aikin cikin fushi kamar yadda na yi, takardar zamana da aikin take haɗe, saura ƙiris a koro ni.

Ka ɗauki hoton shafin kwantiragin da ya yi maganar zane ka turo min ta akwatin saƙona, ka rufe sunan kamfanin. Ka kuma faɗa min ko da hannu kuke yanka ko inji ne ke yi.