Tsakanin "sun zo" da "suka zo"

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce: Malam, a karin maganar "baki shi ke yanka wuya", me ya sa ba a ce "shi yana yanka wuya" ba?

Ɗana, ka taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ma'anar karin ba ta buƙatar dogon bayani: abin da mutum ya furta shi ke jawo masa halaka. Amma wannan 'yar "ke" ɗin, a nan ilimin yake.

Hausa tana da hanya biyu ta faɗin abu ɗaya. Mukan ce "yara sun zo", amma "yaran da suka zo". Mukan ce "yana aiki", amma "me yake yi?" Duk inda aka yi tambaya da wa, ko me, ko ina, ko yaushe, ko aka ɗauko wata kalma aka kai ta gaba don a nuna ita ce ba wata ba, sai "sun" ta koma "suka", "yana" ta koma "yake" ko "ke". A karin nan an ɗauko baki an ɗora masa laifin, shi ɗin dai, ba wuƙa ba. Basakkwace zai ce "sunka zo", amma ƙa'idar tana nan daram.

Kwanan baya jikata 'yar shekara huɗu ta shigo ɗakina ta ce, "Su Yaya sun tafi makaranta." Da yamma aka tarar da kwanon awara wayam, aka tsare ta da ido. Bakinta da maiƙo, ta ce, "Ba ni ba ce, su Yaya ne suka cinye." Na ajiye abin da ke hannuna ina kallonta. Ba ta san ko bihim a nahawu ba, ba ta taɓa jin ana maganar shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu ba, wato "sun" da "suka", amma ba ta kuskure ko ɗaya ba. Wa ya koya mata?

Wannan ita ce tambayar da Noam Chomsky, masanin harshe na Amurka, ya tayar tun 1957, ya kuma ƙara mata wuta a 1959 da ya yi wa masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner raddi a kan da'awarsa cewa yaro da kwaikwayo da lada yake koyon magana. Chomsky ya ce abin da yaro ke ji a gida bai kai yawan abin da ya sani ba, don haka akwai shirin ginin jumla da aka haife shi da shi. Wannan muhawara na cikin abubuwan da suka haɗa masu nazarin harshe da masu nazarin tunani da ƙwaƙwalwa a rumfa ɗaya. Wasu, irin su Michael Tomasello, sun ce yaro daga yawan ji da mu'amala yake tsamo ƙa'ida da kansa. Ni na fi karkata ga Chomsky, ko da yake ban bi shi kaf ba. Dubi wannan: "Yaran da suka zo jiya sun tafi." Jumla ce a cikin jumla. "Suka" na ciki, "sun" na waje, kuma mai magana ya san daidai inda ta cikin ta ƙare. Kalmomi ba jere kawai suke kamar ƙwayar carbi ba, ɗaki ne a cikin gida.

Shi ya sa raina ke sosuwa in na ji haifaffen Bahaushe yana cewa "me kana yi?" don gayu. Baƙon da ya koyi Hausa a kasuwa ina yi masa uzuri, har ma ina yaba masa. Wanda ya sha ta a nono fa?

Wata baiwar Allah daga Maraɗi: Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama. Yana gane mu, amma maganarsa ta koma "ruwa... kofi... Hajiya". Hankalinsa ne ya gushe?

Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Sau da yawa hankali yana nan, abin ɗaure kalmomi ne ya taɓu. A 1861 likita Paul Broca a birnin Paris ya duba wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana fahimtar abin da ake faɗa masa. Bayan rasuwarsa aka ga lahanin a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, ɓarin da ke juya hannu da ƙafar dama. Masu irin wannan lalura sukan riƙe sunaye, ƙananan kalmomi irin su "ya" da "na" su zube. Ku riƙa yi masa magana irin ta manya, ku ba shi lokaci ya ƙarasa, ku kuma sanar da likitansa.

Daga Kumasi: Jumla ta nahawu da jimlar lissafi kalma ɗaya ce?

Ɗaya ce, daga Larabci, inda take nufin abin da aka tattara wuri guda.

Daga Gusau: Mene ne bunu a "magana zarar bunu ne"?

Tsohuwar ciyawar jinka. Ka zari ɗaya daga rufin ɗaki, ka gwada mayar da ita inda take. Kuma "ce" za ka rubuta, ba "ne" ba kamar yadda ka aiko, don magana tamace ce.