Kun Tambaya: Yaushe Ake Kai Injin da Aka Yi wa Garambawul Wajen Saiti?

Tambaya: Ina da babbar mota mai amfani da dizal, mai tabo (turbo, na'urar da take ƙara tura iska cikin inji), wadda aka sauke injinta aka yi masa garambawul, aka sanya sababbin fistin da rin (zobban da suke zagaye fistin) da metal (ƙarafan da sassan inji suke juyawa a kansu). Niyyata in kai ta wurin masu saiti da kwamfuta domin a ƙara mata ƙarfi. Wani ya ce in bar ta tana ta kaɗawa a tsaye har kwana biyu kafin ta hau titi, wani kuma ya ce in wuce da ita wajen saitin kai tsaye. Wace shawara zan bi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu, kuma a ganina ta farkon ta fi haɗari, domin tana kama da tattali alhali ɓarna ce.

Lokacin da aka gyara silinda, wato ramin da fistin yake kai-komo a ciki, ana goge cikinta da dutse na musamman har ya bar ƙananan zane masu gicciye juna a jikin bangon. Da gangan ake barin wannan kaushi, saboda shi ne yake riƙe baƙin mai, kuma shi ne rin yake gogawa a sa'o'in farko har su dace da juna su toshe duk wata kafa. Abin da yake danna rin a jikin bango da ƙarfi shi ne matsin da ƙonewar mai take haifarwa, wanda yake shiga ta bayan rin ɗin ya tura shi waje. Injin da aka bari yana kaɗawa a tsaye ba ya samar da isasshen matsi ko isasshen zafi, don haka man da bai ƙone ba da baƙin mai sukan taru su daskare a kan zanen, bangon ya yi santsi yana sheƙi tun rin bai zauna ba. Idan haka ta faru, injin zai riƙa shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, kuma sau da yawa maganin sai an sake buɗe shi an goge silindar.

Kafin a tayar da shi karo na farko, a tabbatar baƙin mai ya zagaya ko'ina, har da tabo, sannan a sa ido kan agogon matsin mai. Idan daƙiƙa kaɗan suka wuce bai motsa ba, a kashe nan take. A bar shi ya yi ɗumi, a duba yoyon mai da na ruwa, a saurari ƙara, daga nan kuma a hau titi ba tare da ɓata lokaci ba.

Injin dizal yana bukatar kaya kafin rin ya zauna, saboda haka ka ɗora masa matsakaicin nauyi, ka riƙa sauya gudu da giya maimakon ka tsaya a gudu ɗaya na tsawon sa'o'i. Ka taka totur da ɗan ƙarfi na ɗan lokaci, ka sake shi, ka maimaita. Abubuwa biyu za ka guje wa: kai injin ƙarshen juyinsa, da kuma barinsa yana nishi a babbar giya yayin hawan tudu, domin wannan na biyun yana dukan sababbin metal da ƙarfin da bai kamata ba. Idanunka su kasance kan agogon zafi, tunda sababbin sassa sun fi gogayya.

Yawancin masu haɗa inji suna cewa a sauya baƙin mai da filta da wuri, kamar bayan kilomita 800, saboda ɓurɓushin ƙarfen da gogayyar farko take zubarwa. Yana da kyau a yanka tsohuwar filtar a duba cikinta: ƙura mai laushi ba abin damuwa ba ce, amma gutsattsarin ƙarfe da ake iya ji da yatsa alama ce ta matsala. Irin man da za a zuba, da batun sake saita bawul, ka bi abin da kamfanin injin da makanikin da ya haɗa shi suka ce, musamman idan ya ba ka garanti.

Shi kuwa saiti iri biyu ne, kuma a nan ne mutane suke rikicewa. Idan an sauya nozul (masu fesa mai cikin silinda) ko tabo zuwa waɗanda suka fi na asali girma, dole ne a yi saitin farko mai sauƙi tun kafin motar ta motsa, domin man da ya yi yawa yana wanke baƙin mai daga bangon silinda ya cinye rin. Idan kuma komai na asali ne, saitin kamfani ya isa. Saitin ƙara ƙarfi shi ne zai jira, saboda mai saiti yana tura injin zuwa iyakar matsi da zafi, kuma duk lissafin da ya yi a kan injin da bai gama toshewa ba zai sauya bayan rin ya zauna.

Alamun da za su nuna maka lokaci ya yi su ne shan baƙin mai ya ragu ya tsaya a wuri ɗaya, hucin da yake fita ta bututun numfashin inji ya yi ƙasa, zafi kuma ya daidaita. Kafin ka kai ta, a auna matsin kowace silinda a ga sun yi kusa da juna, kuma ka gaya wa mai saitin duk sassan da aka sauya da nisan da motar ta yi tun bayan garambawul ɗin.