Tambayi Injiniya: Wai Na'ura Za Ta Iya Riƙe Mana Plaza Ita Kaɗai?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan kusan duk kan abu ɗaya suka faɗo, wato manyan gine-gine da na'urorin da ake ɗora masu kula da wuta, ruwa, sanyi da tsaro, don haka na haɗa su wuri guda. Waɗanda suka tambayi batun sola a yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Ni manaja ne a wata plaza a Kano, hawa huɗu, shaguna sun haura ɗari, janareta biyu, borehol ɗaya da lifta. Wasu yara 'yan kamfani sun zo sun ce za su saka mana wani abu wai BMS, wai daga wayarsa Alhaji mai ginin zai riƙa ganin komai har dizal, kuɗin da suka yanka kuwa ba kaɗan ba ne wallahi. Alhaji ya ce in bincika. Don Allah mene ne abin nan, kuma ba yaudara ba ce? (Manajan plaza, Kano)

Amsa: Malam manaja ba yaudara ba ce, abin gaskiya ne kuma ya daɗe a duniya, sai dai yadda ake tallarsa ne wani lokaci ake zuba masa gishiri. A taƙaice BMS, wato tsarin kula da gini, kwamfuta ce guda da ake jona wa ƙananan na'urori masu ji, wato sensa, wata tana cikin tankin ruwa tana auna inda ruwa ya kai, wata a tankin dizal, wata a bango tana jin zafin ɗaki, wata a kan layin wuta tana ƙirga abin da kowane hawa ya sha. Duk su kai rahoto wajen kwantirola, wato ita kwamfutar, shi kuma ya yanke hukunci da kansa bisa dokar da aka rubuta masa: ruwa ya sauka ya kunna famfo, ya cika ya kashe, ƙarfe tara na dare ya kashe fitilun baranda ya bar na matakala, an ɗauke wuta ya tada janareta ɗaya, in lodi ya yi yawa ya ƙara na biyu. Tushen abin ma tun 1883 ne, lokacin da wani malamin makaranta a Amurka, Warren Johnson, ya yi rajistar na'urar da ke auna zafin aji da lantarki, daga nan aka samu kamfanin Johnson Controls da har yau yake cikin manyan harkar tare da su Honeywell, Siemens da Schneider Electric.

To amma ni in ka tambaye ni inda kuɗin Alhaji zai dawo, ba a kan ganin komai a waya ba ne, wannan ado ne. Wuri biyu ne, dizal da mita. Ka fi ni sanin yadda ake yi, a kawo tanka a ce lita dubu biyar ce a sa hannu, kwana goma a ce ya ƙare, kowa ya rantse, mai janareta ya ce injin ne ke sha, direba ya ce shi ya sauke cif. In akwai sensa a tankin da mita a kan janareta, kwamfutar za ta nuna maka lita nawa ta shiga, awa nawa injin ya yi, wuta nawa ya bayar, in man ya sauka ƙarfe biyun dare alhali inji a kashe yake to ba aljanu ba ne. Haka ma wutar NEPA, tunda aka ɗaga kuɗin 'yan Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024 rabon bil a plaza ya zama abin faɗa, mai sayar da atamfa da fanka ɗaya ba zai yarda ya biya daidai da mai firiza biyar ba, kuma yana da gaskiya. Ƙaramar mita a kowane shago wadda ke kai lissafi kai tsaye ita ke kashe wannan rigimar.

Yanzu ga inda za ka riƙe yaran nan. Ka tambaye su da wane yare na'urorinsu ke magana. Eh, yare, domin su ma suna da shi. Akwai BACnet wanda ƙungiyar injiniyoyin sanyi da ɗumama ta Amurka, ASHRAE, ta fitar a 1995, akwai Modbus tun 1979 wanda yawancin allunan janareta da mitoci ke ji, akwai KNX na wajen fitilu. Waɗannan a buɗe suke, kowane injiniya da ya san aikinsa zai iya ɗorawa daga inda wani ya tsaya. In suka ce nasu na musamman ne su kaɗai suka iya, to ka sani igiya ce za su ɗaura wa Alhaji a wuya, ran da kuka saɓa ko kamfanin ya watse shi ke nan gini ya zama kurma. Na taɓa shiga wani otal, ba zan kama suna ba, allon kula da esi na miliyoyi yana nan ya yi ƙura, ma'aikata sun koma kunnawa da hannu shekara biyu, dalili kawai wanda ya saka ya bar ƙasar da kalmar sirrin a kansa. Saboda haka a rubuta a yarjejeniya: kalmar sirri ta babban mai iko, zanen wayarin, da kwafin tsarin da aka loda duk na mai gini ne, a miƙa kafin a biya cikon kuɗi. Kuma kowane famfo da janareta a bar masa makunnin hannu, saboda ranar da kwamfutar za ta yi gardama, kuma za ta yi.

Sannan kar ku sayi komai lokaci ɗaya. Ku fara da dizal, mita da famfo, ku ga wata shida. Shi kansa kwantirolan da kyamarori a ba su inbata da batirinsu daban da abin kare su daga tsawa da hawa da saukar wuta, in ba haka ba damina ɗaya za ta cinye su.

Tambaya: Ina da makarantar kwana ta 'yan mata a Kaduna. Saboda halin tsaro ina so in saka ƙofofi masu buɗewa da kati ko ɗan yatsa a ɗakunan kwana, amma maigidana ya ce in gobara ta tashi fa, Allah ya kiyaye? Abin ya tsaya min a rai. (Hajiya mai makaranta, Kaduna)

Amsa: Hajiya ki gaida Alhaji, tambayar da ya yi ita ce tambayar, da yawa masu sakawar ma ba sa yin ta. Makullan lantarki iri biyu ne. Akwai wanda in wuta ta ɗauke yake sakin ƙofa, irin na maganaɗisu kenan, wuta ce ke riƙe shi. Akwai wanda in wuta ta ɗauke yake zama a kulle. Na biyun nan na sito ne da ɗakin ajiyar kuɗi, bai da wurin zama a ƙofar da yara ke barci a bayanta sai in daga ciki ana iya murɗa hannu a fita ba kati ba komai. Ƙa'idar ita ce shiga a tsananta, fita kuwa ko yarinya 'yar aji ɗaya a cikin duhu tana kuka ta iya turawa ta fita. Dole a jona makullan da ƙararrawar gobara ta yadda tana kaɗawa duk ƙofofin fita za su saki da kansu, a kuma saka ɗan koren akwatin nan da ake fasawa a gefen kowace ƙofa.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. A 1980 otal ɗin MGM Grand a Las Vegas ya kama, wutar a ƙasa ta tsaya amma mutum 85 suka rasu, yawancinsu a benayen sama, hayaƙi ne ya bi ta matakala da ramin lifta da bututun iska ya same su. Shi ya sa a babban gini ƙararrawar ba ihu kawai take yi ba, ita ke kashe injin da ke zagaya iska, ta sauko da lifta ƙasa ta tsayar da ita, ta saki ƙofofi. Mu nan mun ga abin da gobarar dare ta yi wa kasuwar Sabon Gari a Kano a 2016 da Monday Market ta Maiduguri a 2023, wutar da aka gani a minti biyar na farko da wadda aka gani bayan awa guda ba ɗaya ba ne.

Wani abu da ya shafe mu musamman: ƙurar hunturu. Akwai sensar hayaƙi da da haske take gani, ƙura ta shiga sai ta ɗauka hayaƙi ne ta yi ta ihu, sau uku sau huɗu sai wani ya gaji ya zare batir ko ya rufe ta da leda, daga ranar kuma ba ki da ƙararrawa sai hotonta. A riƙa share su kafin hunturu da bayansa, a kicin kuma a saka mai jin zafi ba mai jin hayaƙi ba. In kuɗi bai isa duka ba Hajiya, ƙararrawa da fitilun gaggawa su ne gaba, kati ya biyo baya. Kuma ki sa a yi atisaye kowane zango, da daddare, ki tsaya da agogo.

Tambaya: Muna da kyamara 32 a rukunin gidajenmu, an sace batiran sola, da muka je duba bidiyon sati biyu baya sai aka ce ya goge. An cuce mu ne? (Sakataren ƙungiyar mazauna, Abuja)

Amsa: Wataƙila ba cuta ba ce kai tsaye, lissafi ne ba a yi maku ba. Kyamara ɗaya mai ɗaukar hoto mai kyau a megabit 4 cikin daƙiƙa tana cin kusan gigabait 43 a rana. Sau 32, sau kwana 30, ka haura terabait 40. In faifan terabait 4 aka saka maku kwana uku kawai zai riƙe ya fara taka na baya. Mafita: a ƙara faifai irin na kyamara ba na kwamfutar ofis ba, a koma tsarin matse bidiyo na H.265 wanda ke rage kusan rabi, kyamarorin lungu kuma a sa su ɗauka sai in wani abu ya motsa. Akwatin rikodin ɗin ma kar a bar shi a ɗakin maigadi a bakin get, ɓarawon da ya san hannunsa shi yake fara ɗaukewa. Sannan ku naɗa mutum ɗaya duk Juma'a ya buɗe bidiyon jiya ya gani da idonsa, ya duba agogon na'urar ma daidai yake, don bidiyon da ke nuna kwanan watan bara wahala zai ba ku wajen 'yan sanda.

Tambaya: Gaskiya ne ana iya shiga kyamarar mutum ta intanet? (Ɗalibi, Zariya)

Amsa: Ƙwarai kuwa ɗana. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da akwatunan rikodin a duniya, ba wata dabara, kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta kawai take gwadawa irin su admin da 12345, aka yi amfani da su aka durƙusar da shafuka irin su Twitter da Netflix na sa'o'i. A 2013 kuma kantunan Target na Amurka sun yi asarar bayanan katin banki kusan miliyan 40, ɓarayin da bayanan shiga na wani ɗan kwangilar esi da firji suka samu ƙofa. A canza kalmar sirri ranar da aka saka, a raba layin kyamara da na waifai ɗin baƙi, in ma'aikaci ya bar aiki a soke katinsa da asusunsa a ranar. Masu ɗaukar zanen yatsa da fuskar mutane a get su ma su sani tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, da hukumar NDPC mai bibiya, ba a tara irin wannan a bar shi a kwamfutar da kowa ke kallon fim a kai.

Tambaya: Ranka ya daɗe ni maigadi ne shekara goma sha ɗaya a wani kamfani, ɗana ne ya rubuta min wannan. An saka kyamarori da shingen da ke ɗagawa da kansa, ana ta cewa za a rage mu. (Wani Baba, Kano)

Amsa: Baba ba zan ɓoye maka ba, wasu wuraren suna ragewa, inda mutum shida ke tsaro a koma huɗu. Amma kyamara ba ta kama kowa, ba ta san wannan yaron ɗan mai shago ne wancan baƙon ido ne ba, ranar da shingen ya maƙale kuma mutum ne zai ɗaga shi. Wanda ake riƙewa shi ne wanda ya iya zama gaban allon. Ka roƙi wanda ya saka ya nuna maka abu uku: yadda ake mayar da bidiyo baya zuwa wani lokaci, yadda ake karanta allon ƙararrawar gobara a gane wane hawa ne, da yadda ake sakin shingen da hannu. Ba sai da Turanci mai yawa ba, yaron nan da ya rubuto ya zauna da kai yamma biyu da biro da takarda ya zana maka maɓallan ɗaya bayan ɗaya.