Tambaya da Amsa: Wanga hoto na baba, a ina aka ɗauke shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga unguwar Bagalam nan Maradi. Bayan rasuwar babanmu muna kwashe kayan adakarshi sai muka tsinci wani tsohon hoto baƙi da fari, yana saurayi da rawaninshi, bayanshi wata doguwar hasumiyar ƙasa da itatuwa sun fito a jikinta. Yayana ya rantse Gobarau ce tunda baba Katsina yake fatauci, ƙanena ya sa hoton a WhatsApp wasu suka ce ai Mali ne, har abin ya so ya zama gardama a gida. Don Allah ya ake gane wuri daga hoto?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Gaskiya da na karanta zancen itatuwan nan sai na ce a raina Yaya ya yi haƙuri, da wuya ta zama Gobarau. Gobarau hawa-hawa take kamar an ɗora ɗaki kan ɗaki, tsayinta wajen mita 15, kuma jikinta ba ya da wannan tsirin itace. Wadda take doguwa ita kaɗai, gindinta da faɗi tana tsukewa har sama, itatuwa sun fito mata ta ko'ina kamar ƙayar beguwa, to wannan hasumiyar masallacin Agadas ce, mita 27, an fara gina ta tun 1515 aka sake gina ta a 1844. Itatuwan kuma ba ado ba ne kawai, su magina ke takawa in za a yi yaɓe.

'Yan Mali ma ba su yi shirme ba, ginin can ma haka yake da itatuwa. Sai dai masallacin Jenne, wanda ginin shi na yanzu na 1907 ne, hasumiya uku gare shi jere a gaba da ƙwan jimina a kan kowace, ga filin kasuwa a gabanshi, ba a rikita shi da komai. Na Tumbutu kuwa gajeru ne, ba su miƙe kamar ta Agadas ba.

Amma ni abin da nake so ki yi, ki ɗauke ido daga hasumiyar tukuna, don kowa babban gini yake kallo ya manta da gefe-gefen hoto alhali nan amsa ta fi ɓuya. Ki samu wuri mai haske ki duba kusurwa-kusurwa, akwai allon shago? Faransanci ne ko Turancin Ingila? In akwai mota ki duba lambarta, tsofaffin lambobinmu na Nijar suna da RN kuma lambar farko ta jiha ce, 1 Agadas, 4 Maradi, 7 Damagaram, 8 Yamai. Har hannun da mota take bi yana magana, Najeriya sai 1972 ta koma hannun dama, mu kuwa dama can dama muke bi. Mutanen da ke wucewa a baya ma ki kalle su, in kin ga Buzaye da raƙuma an naɗe fuska sai ido, ai kin ƙara samun shaida.

Sannan ki juya bayan hoton. Ni da kaina na taɓa wahala kwana da kwanaki a kan hoton kakata, ashe hatimin mai hoto na nan a baya, tawadar ta koɗe ta koma ruwan goro amma da na karkata shi ga hasken taga sai ga sunan garin ya fito.

Ƙanenki yana iya gwada Google Lens, yana gane sanannun gine-gine sosai, sai dai ginin ƙasa yakan haɗa mishi wani da wani, kar ku ɗauki maganarshi ita ce ƙarshe. Kuma don Allah in akwai abokin fataucin baba ko wata gwaggo da ke raye, ku kai musu hoton cikin satin nan, kar ku ce sai bayan salla. Ku ɗauke shi da waya gaba da baya kafin ya fara yawo hannu-hannu, ki turo mini kwafi in gani da idona.