Ɗaura ko kunna? Amsoshin tambayoyinku

*Malam, ni ɗalibin kimiyya ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, nan Maraɗi. Abin da bafaranshe ke kira fosforilasiyon, daidai ne in ce "kunna furotin"?*

A'a, ɗana. Wannan "kunnawa" ta ishe ni, kamar jikin ɗan Adam injin niƙa ne. Ka ce "ɗaura fosfat". Kinaz, wani irin furotin mai saurarta aikin sinadarai, tana ciro fosfat na ƙarshe cikin ukun da ke jikin ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi a ƙwayar halitta, ta ɗaura shi a kan serin, ko tireyonin, ko tirozin, wato wasu daga cikin tubalan da ke jere a jikin wani furotin. Kishiyarta fosfataz kuma ta zo ta kwance. Ka ga ɗaura da kwance tare suke tafiya a bakin Bahaushe, ba sai mun yi aro ba. Binciken wannan ɗauri da kwancewa ne ya ba masana Fischer da Krebs lambar Nobel a 1992.

Dubi kinaz ɗin da ake kira Src. In wata kinaz mai suna Csk ta ɗaura mata fosfat a tirozin ta 530 a jerin tubalanta, can wajen wutsiya, sai wutsiyar ta lanƙwaso ta maƙale a wani sashen jikinta mai suna SH2, Src ta naɗe ta yi shiru. In aka kwance wannan, aka ɗaura a tirozin ta 419, sai bakin aikinta ya buɗe. Fosfat iri ɗaya, wuri ne ya bambanta. To ina kunnawa a na farkon? Hausa ta riga ta raba su da wasali guda: ana ɗaura ɗamara a shiga aiki, ana ɗaure akuya a turke. Yaran yanzu kan haɗa biyun a rubutu, su ce "an ɗaure aure", sai ka ce ɓarawo aka kama. Src ɗin da ke cikin ƙwayar cutar dajin kaji, wadda Peyton Rous ya gano a 1911, ba ta da tirozin ɗin wutsiya. Babu wurin ɗaure ta, sai ta yi ta aiki ba tsayawa, ƙwayoyin halitta su yi ta hayayyafa.

*Wata malama daga Tibiri: ko "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ya dace da kinaz mai buƙatar fosfat biyu?*

Ya dace, Malama. Kinaz ɗin Akt, wadda ke isar da saƙon insulin, tana karɓar fosfat ɗaya daga kinaz PDK1 a tireyonin ta 308, ɗaya daga wata kinaz, mTORC2, a serin ta 473, sannan ƙarfinta ya cika. Sai dai da na farkon kaɗai tana ɗan taɓa aiki, alhali jinka ko motsi ba ta yi da hannu ɗaya. Ki faɗa wa ɗalibanki hakan, kada karin maganar ya wuce gona da iri.

*Daga Tasawa: mene ne asalin kalmar kinaz?*

Girkanci ce, daga kalmar da ke nufin motsawa. A jikin mutum akwai irinta sama da 500.

*Fosfat ko fosfet?*

A Maraɗi fosfat, a Katsina fosfet. Kowa da bakin turawansa.