Kawo Mama Ostireliya: bizar shekara biyar ko ta ziyara?

*Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Perth, shekarata shida a nan, kuma ni da maigidana duk mun samu takardar zaman dindindin. Ina da ciki wata biyar, haihuwar fari. Mahaifinmu ya rasu bara, Mama tana Kano tare da ƙannena. Mu bakwai ta haifa, ni kaɗai ce a waje. An ce min akwai bizar iyaye ta wucin gadi, ta shekara uku ko ta biyar. Ina ganin in biya mata ta biyar kawai in huta. Me kika gani?*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ke kuma ya raba lafiya.

Bizar da ake faɗa miki ita ce mai lamba 870, wadda gwamnatin Ostireliya ta fara bayarwa a 2019. Ga mai 'yan'uwa da yawa a gida irinki, kusan ita ce kaɗai ƙofar dogon zama da ke buɗe. Bizojin iyaye na zaman dindindin suna da wani sharaɗi na ƙidayar 'ya'ya: sai rabin 'ya'yan mutum na zaune a Ostireliya, ko kuma waɗanda ke can sun fi na kowace ƙasa guda yawa. Ke ɗaya ce, shida suna Najeriya, ke nan tun daga bakin ƙofa an sallame ku. Ko da ma kun cika sharaɗin, mai arahar cikinsu, wato 103, layinta ya kai wajen shekara 30, mai tsadar kuma, 143, tana cin kusan dalar Ostireliya dubu 50 a kan mutum ɗaya, ga jiran fiye da shekara goma. Ita 870 ba ruwanta da yawan 'ya'yan da Mama ta haifa.

Amma ba zan ce miki ki biya ta shekara biyar yanzu ba. Dalilina na farko lokaci ne. Mataki biyu ake bi. Ke za ki fara neman a amince da ke a matsayin mai ɗaukar nauyi. Za su duba cewa kin yi shekara huɗu a ƙasar, wanda kin wuce, sannan kuɗin shigar gidanku na shekara, naki ko haɗe da na maigida, ya kai dala 83,454 da 'yan kai. Sai an amince da ke sannan Mama za ta shigar da nata neman, cikin wata shida, tana wajen ƙasar. Kowane mataki yakan ci watanni, ga gwajin asibiti da hoton ƙirji saboda tarin fuka, ga takardar shaidar 'yan sanda. Ke kuwa wata huɗu ya rage miki. In don ruwan wankan jego da kunun kanwa kike son Mama, to yana iya yiwuwa ki yi arba'in takardu ba su fito ba.

Na biyu kuɗi. Lokacin da aka fara, ta shekara uku dala 5,000 ce, ta shekara biyar 10,000, kuma tun daga nan an yi ta ƙari, don haka ki duba farashin ranar a shafin ma'aikatar cikin gidansu. Wannan kuɗin biza ne zalla. Mai wannan biza ba ta cikin Medicare, tsarin lafiyar gwamnati da ke kike mora, kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da yarjejeniyar lafiya da Ostireliya. Dole Mama ta riƙe inshorar lafiya iya tsawon zamanta, wata-wata ana biya, kuma in ta bar bashi a asibitin gwamnati, kan mai ɗaukar nauyi yake komawa, wato ke. A nan nake so ki buɗe ido sosai. Ba ki faɗa min lafiyarta ba, amma iyayenmu da suka haura sittin, kaɗan ne ba sa shan maganin hawan jini ko na sukari. Kamfanonin inshora sukan sa jiran wata 12 kafin su biya kuɗin cutar da mutum ya zo da ita. Kar ki ɗauki mafi araha don araharta. Ki kira su ki tambaya dalla-dalla: in hawan jinin ya kwantar da ita a wata na uku, wa zai biya gadon?

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma babu shi a fom. Kin tambayi Mama? Ba ina nufin tambayar "Mama za ki zo?" ba, wannan kowace uwa za ta ce to, balle ga jika na tafe. Ina nufin shekara biyar. Ki ɗan hango ranar Talata a gidanki bayan hutun haihuwa ya ƙare. Kin fita aikin safe, maigida ya fita, Mama na falo ita da jariri, ƙofa a rufe, titi tsit. Ba mai sallama, ba almajiri, ba maƙwabciyar da za ta leƙo aron turmi ta zauna hira har azahar. Ta ɗauki waya za ta kira ƙanwarta, sai ta tuna Perth na gaban Kano da awa bakwai, can ko asuba ba a yi ba. A watan Yuli kuma, lokacin da ake damina a gida, nan hunturu ake. Matar da ta saba da biki da suna da ta'aziyya da Islamiyya, ga marayu a gida da ba ta gama aurarwa ba, tana iya kai wata biyar ta fara cewa "ni dai a mayar da ni ɗakina". In ta koma, ba a mayar miki da ko sisi, kuma kwanakin bizar suna ci gaba da tafiya ko tana ƙasar ko ba ta nan.

Shawarata, ki nema mata bizar ziyara, mai lamba 600, tun wannan makon. Kuɗinta 'yan ɗaruruwan dala ne. Iyayen masu zaman dindindin akan ba su mai ɗan tsawo, da sharaɗin kada zama ya wuce wata 12 a cikin kowane wata 18. Samunta ba tabbas ba ne, domin sai kun gamsar da jami'i cewa za ta koma, amma 'ya'ya shida da gida a Kano hujja ce mai ƙarfi. Ta zo ta yi miki jego, ta ɗanɗana zaman. In ta ce ƙasar ta karɓe ta, sai ku shiga 870, kuma ko a lokacin ni ta shekara uku zan fara saya. Ana iya sake nema bayan ta fita ƙasar ta yi kwana 90 a jere, har jimillar zama ta kai shekara goma. Daga nan kuma shi ke nan, ba ta rikiɗewa ta zama takardar dindindin. Ba a yarda ta yi aikin albashi ba, renon jikanta dai ba laifi.

Ki fara tattara takardu yau. Abin da ya fi ba mutanenmu wahala shi ne shaidar cewa wannan matar ita ta haife ki. A fasfonta an rubuta Aishatu, a takardar haihuwarki Aisha, a katin ɗan ƙasa A'isha da sunan mijinta, ranar haihuwa kuma 1 ga Janairu a wuri ɗaya, wata rana daban a wani. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ce, jami'in da ke duba fayil kuwa bai san haka ba. A gyara, ko a haɗa da takardar rantsuwar kotu mai bayanin bambancin.

Sannan don Allah ki ja mata kunne kan tsaraba. Ostireliya ba ta wasa da abin da ake shigo mata da shi na abinci da tsirrai. Kilishi da dambun nama a bar su a Kano. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, duk abin da ta ɗauko ta bayyana shi a katin da ake cikewa a jirgi, su duba, su bar mata wanda za su bari. Ɓoyewa na jawo tara, har da soke biza a filin jirgi, bayan tafiyar fiye da kwana guda.

*Ɗana yana Melbourne. Wani ejan a nan Kaduna ya ce in kawo naira miliyan uku zai fito min da bizar iyaye cikin mako shida, ba sai na dami yaron ba. In ba shi?*

Hajiya, kada ki ba shi. Wannan biza ba ta yiwuwa ba tare da ɗanki ba, shi ne zai fara nema daga can da sunansa da takardun harajinsa, ta intanet, a shafin ImmiAccount na gwamnati. Duk wanda ya ce miki ba sai an dame shi ba, ko dai bai san aikin ba, ko ya san abin da yake yi sarai. Babu kuma ejan da ke da ikon yanke ranar fitowar biza. In ana buƙatar taimakon gwani, ɗanki ya nemi mai rajista a can, akwai kundin sunayensu da kowa zai iya dubawa kyauta. Ki kira shi yau ki faɗa masa, ba damu ba ne, haƙƙinki ne a kansa.

*Ni a Calgary nake. Akwai irin wannan a Kanada?*

Akwai, ɗan'uwa, ana ce mata Super Visa, tun 2011 ake ba da ita ga iyaye da kakanni. Takan yi har shekara goma tana aiki, gwargwadon ƙarewar fasfo, kuma tun 2022 mutum na iya zama shekara biyar a shiga ɗaya. Kuɗin bizar kansa bai kama ƙafar na Ostireliya ba. Nauyin yana kan inshora: sai an nuna ta shekara guda mai ɗaukar aƙalla dalar Kanada 100,000, ga gwajin likita, ga wasiƙar gayyata daga gare ka, ga shaidar cewa albashinka ya kai ma'aunin da suka sa gwargwadon yawan mutanen gidanka, har da baƙin da za su zo. In kana da zaɓi, ka sa su sauka a watan Mayu ko Yuni, kada tsoho ya fara sanin Calgary a Janairu.